Farcen Turare a Ƙarfen Gasa Burodi

Sharafiyya, Jidda.

Zuwa ga Yaya Indo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙanwarki ta bayan teku, da fatan takardar nan za ta iske ki zaune lafiya a tsakar gidanki, ke da Malam Kassimu da yara gaba ɗaya. Allah Ya ƙara masa sauƙin idon nan, Ya sa aikin da aka yi masa a Kano shi ne ƙarshen wahala. Ke kuma yaya gwiwa? Baƙin da suka zo umra daga unguwarku sun ce har yanzu a zaune kike salla, amma kina nan kina fama da tukwanen turare kamar ba ke ce mai ciwon ba. Ki rage, don Allah. Na ji an sami ƙaruwa a gidan Hussaini, Allah Ya raya, Ya sa mai jin ƙan iyaye ne. Na kuma ji ruwa ya yi gyara a Nguru bana har ya ci katangar bayan gidanmu na gado. In an tashi gyara a faɗa mini, ni ma gidan ubana ne. Mu nan alhamdu lillahi, sai gumin Jidda, wanda mutum zai fito daga wanka yana neman wani wankan.

Yaya, kin san ni ba ma'abociyar rubutu ba ce, kuma waya tana hannun kowa. Halinki ne ya sa na ɗauki biro. Duk ranar da na kira ki, sai mu gaisa, mu zagaye dangi kaf, amma da zarar na ce Mubina sai ki ce ba kya jina sosai, ko ki tambaye ni ko dabino ya yi araha, ko ki miƙa wa Abba wayar ki ce ya gaida Innarsa. Na san kunyar 'yar fari ce, ban ce kin ƙi ta ba. Amma takarda ba ta da inda ake latsawa ta mutu, don haka yau sai kin ji ni har ƙarshe. Mubina tana da juna biyu, kin sani, kina dai yin kamar ba ki sani ba. Abin da ba ki sani ba shi ne irin laulayin da ya kama ta. Ko ruwa ta sha sai ya dawo. Yarinyar da kika sallamo da kumatunta ta koma sai idanu da ƙashin wuya, zobenta ma zamewa yake yi daga yatsa. Likitar da ke duba ta ta ce in aka ci gaba a haka za a kwantar da ita a asibiti, kuma ba ta ɓoye mana ba cewa abin da ke cikin ma yana cikin haɗari. Ni na haɗa auren nan, ni na ce ki ba ni ita in kawo ta inda zan riƙa ganinta, don haka na rufe ɗakina a unguwar Mahjar na tattaro na dawo gidansu.

Babu abin da ban dafa ba. Kunun tsamiya, kunun gyaɗa, faten tsaki da yakuwa, ɗanwake, kwaɗon zogale, har kasuwar Bab Makka na je wurin 'yan uwanmu masu talla na samo daddawa ta gaske na yi mata miyar kuka irin ta gida. Sai ta dubi kwanon, ta ce Inna sannu, ta kai cokali ɗaya baki don kada raina ya ɓaci, kafin in juya tana banɗaki. Ni da aka sani da hannu a girki, na zama mai cika kwandon shara.

To, bari in gabatar miki da surukinki, tunda a hoto kawai kika san shi. Ra'id yaron kirki ne, wannan ba zan ci amanarsa ba. Asalinsu Hausawa ne, amma a nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ya jiƙa ta da Larabci, kuma har yau “kai” yake ce mini, ya ce wa mai gadi “ke”. Khala yake kirana, wato Inna a bakinsu. Aibinsa ɗaya ne a wurina, wani ƙarfe da ya gada. Baƙi ne ƙirin, mai nauyi, kamar awartakin maƙera, sai dai bakinsa tafi biyu ne masu ɗan zurfi da suke rufe juna, ga dogayen hannuwa masu mariƙin katako. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, direba ne a wani kamfanin Turawa, da za su tashi wani Bature ya bar masa shi. Da shi yake gasa musu burodi suna yara in sun fita bakin teku. Kowane kanti a garin nan akwai na lantarki mai tsabta, amma Ra'id ya ce shi sai na babansa. Duk safiyar Juma'a zai hau saman bene ya hura gawayi, ya shafa bota a bayan burodi mai yanka-yanka, ya kwantar da shi a tafi ɗaya, ya ɗora jubna, ya rufa da wani burodin, ya matse ƙarfen ya saƙale hannuwan, ya yanke gefen da ya leƙo, sa'an nan ya cusa cikin garwashi yana juyawa yana 'yar waƙarsa.

Jubnar nan ita ce cukunsu, amma kada ki kawo cukun Buzaye a ranki, mai tauri da ake ci da shayi. Wannan wata aba ce rawaya mai santsi, kowane falle a cikin ledarsa, kuma ni har yau ban yarda daga jikin saniya ta fito ba. In ta ji wuta sai ta narke ta yi yauƙi. Mutum zai gatsa, ya janye hannu, ita kuwa ta biyo shi tana zare daga baki har gwiwar hannu kamar majinar yaro mai mura, shi kuma yana naɗe ta da harshe yana lumshe ido. Ki yi haƙuri in kina cin abinci, amma abin da idona ya gani ke nan. Ga wari irin na nonon da ya kwana a rufe. Abin da ya fi tayar mini da zuciya kuwa, tun zamanin ubansa sabulu bai taɓa hawa ƙarfen nan ba. Tsumma kawai yake sawa ya goge, ya shafa mai, ya rataye. Da na ce ya kawo in dirje masa da soson ƙarfe har ya ga fuskarsa a ciki, sai ya rungume shi a ƙirji ya ce a'a Khala, wai baƙin nan shi ne daɗin. Maiƙon shekara da shekaru, Yaya, shi ne daɗin. Ya taɓa kai wa Mubina burodin, ko ƙofar ɗaki bai ƙarasa ba ta toshe hanci, ni kuwa na ce a raina yarinyar nan da sauran hankalinta.

Ana cikin haka sai ga ƙullinki ya iso. Itacen turare, kajiji, da farce a cikin tsohon gwangwanin madara. Saƙon da ya biyo shi a bakin mai kawowa bai wuce a haɗa wa yarinyar nan na jego ba. Ba gaisuwa, ba yaya jiki, ba suna. Na yi dariyar takaici, don farcen nan ai daga tekun nan namu ake ɗebo shi, murfin dodon koɗi ne, yana nan jibge a shagunan masu turare, ke kuma kin saye shi a can kin wanke kin shanya kin sake yi masa jirgi ya dawo gida. Amma na gane, bakinki ke nan, da shi kika iya magana. Na ce bari in soya shi in daka in ajiye tun da sauran lokaci. Kin fi ni sanin warin farce in ya hau wuta, ƙarnin kifi da ƙaurin ƙonannen gashi a haɗe, shi ya sa ban yi gangancin yi a cikin gida ba. Na hau sama da hantsi bayan Ra'id ya tafi aiki. Tukwanen Mubina duk sababbi ne, na aure, ban ga wadda zan ɓata ba. Ina ɗaga kai sai ga ƙarfen nan a rataye. Ga murfi, ga dogon hannu ba sai na ƙona yatsa ba, ga shi dama ba a wanke shi. Wallahi in maƙeri aka ce ya ƙera abin suyar farce, iyakar abin da zai yi ke nan. Na zuba, na matse, na tura cikin wuta. Ya soyu ƙarau, ban taɓa yin suya mai kyau irin ta ranar ba, duk da matar Bayamanen da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta rufe tagoginta da ƙarfi. Na goge shi da tsummansa, na shafa masa mansa, na mayar inda na ɗauko. Ni a ganina, abin da ya riga ya kai nan a ƙazanta ba a ƙara masa komai.

Washegari Juma'a. Ra'id ya hau ya yi hidimarsa ya sauko da faranti, burodi ya yi ja, an yanka shi gida biyu, jubna tana leƙe ta gefe. Tun yana kan matakala na ji warin ya riga shi shigowa. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya gatsa. Sai na ga bakinsa ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa, ya tashi da zaren jubna yana lilo a gemunsa ya nufi wurin wanke hannu, na daɗe ina jin kakarinsa. Ni da karambani na ce bari in ji, na ɓalli ɗan gefe na sa a harshe. Yaya, ki haɗa ruɓaɓɓen kifi da nonon da ya lalace da ƙonannen ƙaho, ki zuba musu bota, ki ɗumama. Na kuskure baki da gishiri, na tauna kanumfari, na yi asuwaki, amma har la'asar in na yi gyatsa sai na ji shi. Da ya fito ya ɗauko ƙarfen ya shinshina, ya dube ni, ya tambaya da guntuwar Hausarsa ko na san abin da ya sami hadidar babansa, haka yake kiran ƙarfen. Na faɗa masa gaskiya. Bai ɗaga mini murya ba, ya dai zauna ya ɗora shi a cinya yana shafa mariƙin katakon da babban yatsa, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Na gutsuri wani yanki na jefa wa kyanwar da ke kwana a matakala, wadda na sha gani tana cin abin bola. Ta shinshina, ta girgiza ƙafa, ta yi gaba.

Na ɗauki farantin zan kai shara ke nan sai ƙofar ɗaki ta buɗe. Mubina ce, tana dafe da bango, ɗankwali a karkace, tana ɗaga hanci. Ta tambaya wa ya zo daga gida. Na ce babu kowa, ta koma ta kwanta kafin warin nan ya kayar da ita. Sai ta miƙo hannu ta karɓi farantin, ta zauna a nan ƙasa bakin ƙofa, ta kai yankin burodin hancinta ta daɗe tana shaƙa, sa'an nan ta fara ci. Ni da mijinta muka tsaya, ni riƙe da roba ina jiran abincin ya dawo. Ta cinye, ta suɗe yatsu, ta tsince ɓurɓushin da ke zaninta, ta ce ko akwai saura. Ra'id ko takalmi bai tsaya sawa ba ya haye sama. Ta ci na biyu, ta sha ruwa, ta yi barci a kan kujera har aka sauko daga masallaci. Burodin bai dawo ba, Yaya. Wannan ne abinci na farko da ya zauna a cikinta tun da na tare a gidan.

Tun daga ranar, ga aikin da na koma yi da girmana. Kowace safiya sai in ɗaure hanci da gefen mayafi in hau sama, in jefa 'yan ƙwayoyin farce a ƙarfen in ƙona, in juye, in goge, in miƙa wa Ra'id ya ɗora burodinsa da jubnarsa, mu biyu muna kawar da kai muna haɗiyar yawu. Mun gwada yi mata ba tare da farcen ba, da warin ya fara sanyi a jikin ƙarfen, ta gatsa sau ɗaya ta ture. Na ji tsoro na faɗa wa likita komai, ina jin kunya kamar in nutse. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in dai ba farcen kansa take ci ba a ƙyale ta, tunda ga shi nauyinta ya fara dawowa, kuma a bayan burodin tana iya shan kunu kaɗan. Kayana duk sun kama warin, ko sahu na shiga a masallaci sai in ga ta kusa da ni tana matsawa. Shi kuwa Ra'id ya haƙura da abincin Juma'arsa. Na ce in ta haihu zan ƙona masa ƙarfen a wuta mai ƙarfi ko warin zai fita, ya ce halas Khala, wato shi ke nan, a bar shi, wai da babansa yana raye da shi ma haka zai ce. Kin ji irin surukin da Allah Ya ba ki, wanda ba ki taɓa ce masa ya gaida matarsa ba.

Ni dai na ɗauka kwaɗayin masu ciki ne, don na ga mai cin ƙasa, na ga mai shinshinar kananzir. Sai ran nan ina taje mata kai na ce, ke kuwa me kike ji a ƙazantar nan? Na ci gaba da taje kan. Can ta ce ita ma ta san ba daɗi, ɗaci ma take ji a maƙogwaro. Ta ce warin ne. Wai ranar da kike suyar farce a bayan ɗaki kowa gudu yake yi, yaran gidan su Zaharaddin su fice waje, Malam ya tafi majalisa, sai ita kaɗai kike cewa ke, zo ki fifita mini wuta. Ta ce a duk rayuwarta a gidan nan, nan ne kawai take zama kusa da ke har gwiwarta ta taɓa taki, ba mai gani balle ki ji kunya ki matsa. Wani lokaci har kikan gyara mata ɗankwali kada ya kama wuta. Ta ce shi ya sa tun tana ƙarama take ƙirga ranakun suyar farce kamar yadda yara suke jiran salla. Tana faɗa tana murmushi, ni kuwa na ajiye matajin na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji ni.

Yaya, zan faɗa miki abin da ke raina ko da za ki yi fushi. Ƙyamar da nake yi wa burodin nan ba ta kai wadda nake yi wa wannan hali ba. Na san ba ke kika ƙirƙiro shi ba. Haka Iya ta yi miki, kuma ni ce nake samunki a bayan rumbu kina share hawaye ranar da ta yi wa kowa kitson salla ta tura ki maƙwabta. Amma ke da kika yi cikin fari gida kika dawo goyon ciki. Ga Gwaggo, ga Kaka, ga matan unguwa masu shigowa da kwano, kuma ko Iya ba ta dube ki ba kina jin tarinta ta bayan zana, kin san tana nan. Ita wannan bango huɗu gare ta da na'urar sanyaya ɗaki, sai ni, sai miji mai ce mata “kai”. Likita ta hana ta hawa jirgi, ke ma gwiwa ba za ta kawo ki ba. Kunyar da ake yi a tsakar gida ɗaya, ana ganin juna safe da yamma, ita kika ɗauka kika shimfiɗa a kan teku, har 'yarki ta koma neman uwarta a cikin warin da kyanwa ta ƙi. Tir da wannan, Yaya, kuma da bakina na faɗa.

Farcen da kika aiko ya kusa ƙarewa, na jegon ma duk ya tafi a burodi, abin da ya rage bai rufe gindin gwangwanin ba. Na sayo wani a Bab Makka na gwada, tana shaƙa ta ce ba na Umma ba ne, ta ture farantin, ranar kuma ba ta ci komai ba. Ban san da me kike jiƙa naki ba, kuma ba tambayarki nake yi ba. Kada ki aiko mini da wani gwangwanin ki ce kin fita haƙƙi. Wayarta tana ƙarƙashin matashinta dare da rana, duk sanda ta yi ƙara sai ta duba da sauri, sa'an nan ta mayar a hankali. Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa in kunyar mutane kike ji. Ki kira lambarta, ba tawa ba. Ba sai kin yi dogon zance ba, ki tambaye ta me ta ci yau, ki kuma kira ta da sunan da aka raɗa mata. Ran nan na ji tana gaya wa mijinta cewa ko me ta haifa, za ta yi ta kiran sunansa daga safe har dare sai maƙwabta sun gaji da ji.

Ki gaida mini Malam Kassimu da kyau, ki ce ina yi masa addu'a duk sanda na sami shiga Harami. Ki gaida Hussaini da mai jego da jariri, da Zaharaddin da iyalinsa, da Abba, da Sajida, ki ce mata atamfarta tana nan tafe. Ki gaida Kawu Salihu in ya shigo gari ranar kasuwa. Ra'id yana gaishe ku, ya ce a sa su a addu'a. Allah Ya sauki yarinyarmu lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mubina ta ganni ina rubutu ta tambaya wa nake rubuta wa. Na faɗa mata, amma ban karanta mata ko layi ɗaya ba. Na ce ko tana da saƙo, ta yi tunani ta ce babu, sai dai in akwai sauran wuri a ƙasan takardar in ba ta biron. Ga abin da ta rubuta nan a ƙarƙashin sunana, da hannunta, kalma ɗaya tak. Ki karanta shi a fili, Yaya, ko da ke kaɗai ce a ɗakin.

Taki ƙanwa har kullum,
Hadiyya

Mubina